Sabon Fenti a Ɗakin Inna

Litinin, 4 ga Agusta, bayan La'asar

Yau kwana shida da aka tafi da Inna asibiti Katsina, kuma gidan nan ya yi mini faɗi. Ƙanena Zulkifilu ya kira ɗazu ya ce da sauƙi, ta buɗe ido, har ta sha shayi. Kullum da sauƙi. Tun yana ƙarami in zai yi ƙarya sai ya riƙa jan hanci, yau ma ina jin sa yana ja ta cikin waya.

Na ce gobe zan shigo mota in zo. Gwaggo Haulatu, ƙanwar Baba, ta fizge wayar ta ce, "Ki zo ina? Mai idda da yawon asibiti? Zauna inda kike, ni da matar Zulkifilu mun ishe ta." Ɗaya maganar ba ta faɗa ba, amma na ji ta sarai. Washegarin ranar da akori-kura ta sauke kayana daga Mashi ne Inna ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Kowa ya haɗa wannan da wancan a ransa, ba sai an gaya mini ba.

Ba zan rubuta komai a kan Mashi a littafin nan ba. Na yi wa kaina alkawari.

Na shiga ɗakinta da tsintsiya, sai na samu kaina zaune a bakin gado ina kallon kaya. Gadon ƙarfenta mai rumfa, tsatsa ta cinye ƙafafunsa. Kabad ɗin da aka kawo ta da shi gidan nan wai kore ne, amma sai an rantse maka. Wajen mariƙin ya koɗe ya yi baƙi saboda hannu, a gefe kuma ga wata ƙuna mai faɗin tafin jariri. Akwatin ƙarfe, madubi, kujera 'yar tsuguno, duk sun gaji. Shekara goma sha ɗaya ina gyara wa 'ya'yan mutane tsofaffin kaya su koma na amare, ɗakin uwata kuwa ga yadda yake. Kunya ta kama ni, ni kaɗai a ɗaki.

Talata, 5 ga Agusta, da hantsi

Na buɗe ɗakin ajiya inda aka jibge kayana, na zaro gwangwanayen fenti da burushi da sanfefar gurza katako, na ja ƙofa da sauri. Ban dubi sauran ba.

Na kwashe kwanukan Inna daga kabad, kwalla da samiru da tasoshi, na jera su a tabarma, na fara gurza. Ni ba na aikin ha'inci. Masu fentin bakin kasuwa shafawa kawai suke yi a kan tsohon fenti, wata uku ya fara ɓarewa kamar bawon gyaɗa. Ni sai na ga farin katako tukuna nake buɗe gwangwani. Ƙunar nan ta gefe ta ba ni wuya, ta ci ciki sosai, sai da na kankare ta da wuƙa na cike gurbin da garin katako da gam. Yanzu ko da fitila ka zo ba za ka gane wurin ba.

Tafin hannuna ya yi bororo, kuma na ji daɗin zafin. Tun da na dawo gidan nan, yau ne na yi awa huɗu ban tuna kowa ba.

Alhamis, 7 ga Agusta, bayan Azahar

Ruwa tun asuba. Fenti ya ƙi bushewa, in na taɓa sai ya kama yatsa. Ina zaune ina gadinsa kada ƙuda ya sauka. Zulkifilu ya ce da sauƙi.

Asabar, 9 ga Agusta, da yamma

Yau ranar fure ce, ita na fi so a duk aikin. Ba da hannu nake zanawa ba. Tsohon hoton ƙirji na asibiti nake samu, baƙar robar nan, in zana fure a kai in yanke da reza, in ɗora a jikin katako in riƙa dangwala fenti da soso. In na ɗaga sai fure ya fito tsaf, ko guda ɗari ne duk iri ɗaya. Masu rubuta allon shago sitensil suke ce masa. Ni dai daga yankan salatif na lalle na koya, ba wanda ya zaunar da ni.

Nawa duk na baro su can. Ina ɗaga katifar Inna sai ga babbar ambulan, hoton ƙirjin Baba ne na ciwonsa na ƙarshe, shekara tara tana ajiye da shi. Na ɗaga shi a rana na ga haƙarƙarinsa, na yi masa addu'a, na daɗe ina juya shi a hannu. Sannan na sa reza. Allah Ya ji ƙan Baba, mutumin da ko hula mai ado ba ya sawa, ga shi yau yana fitar da furanni.

Kabad ya zama ruwan madara, da fure ruwan gwal a kowace ƙofa. Gado fari. Akwati da kujera ruwan hoda. Da na ja baya na duba, sai bango ya zama abin kunya kusa da su, na shafe shi, na bi samansa da layin ganye. Sai ƙofar ɗakin ta tsone mini ido. Daga ita sai taga, sai ƙofar zaure, sai gindin randa. Har turmi na tsaya ina kallo, Allah Ya taimake shi fenti ya ƙare.

Ban gaya wa kowa ba. So nake ta shigo ta gani. Ba za ta ce mini komai ba, na sani, Inna ba ta yabona a gabana. Amma za ta ce wa Gwaggo, "Kin ga aikin yarinyar nan," ni kuma ina bayan ƙofa ina ji. Wannan kaɗai nake nema. Ko sau ɗaya ne, a ce na shigo gidan nan da abin da ba baƙin ciki ba.

Litinin, 11 ga Agusta, da safe

Jibi za a sallame su. Gwaggo ta ce jiki ya yi kyau, ƙafar hagu ce kawai take ja. Ta ce, "Sai dai kan nata..." sai ta fasa, ta koma tambayata ko na ba kaji ruwa.

Na mayar da kwanuka na yi musu sabon jeri, manya a ƙasa. Na yi turaren wuta sau biyu, amma warin fenti ya fi ƙarfinsa.

Laraba, 13 ga Agusta, bayan Magariba

Ban san ta inda zan fara ba. Bari in rubuta yadda ya faru kawai.

Sun iso bayan La'asar. Inna ta rame, amma da ƙafarta ta shigo, tana dafe da kafaɗar Zulkifilu, Gwaggo da Rauda matarsa na biye da kaya. Tun a ƙofar zaure ta ɗan tsaya. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe kamar kullum. Rauda ta riga kowa leƙa ɗakin, ta tafa hannu ta ce, "Kai, Yaya! Wannan ai sai amarya!"

Inna ta zo bakin ƙofa ta tsaya cak. Ta shaƙi iska. Ta bi furannin da ido ɗaya bayan ɗaya, ta dubi jeren kwanuka, ta dubi gado. Ina tsaye a bayanta. Sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce ƙasa-ƙasa, "Auta, me ya sa ba ka ce nan za mu biyo ba? Haka ake zuwa gidan suruki, hannu rabbana?"

Zulkifilu ya ce, "Inna, ɗakinki ne fa. Yaya ce ta gyara miki."

"Kai dai ba ka da ta ido. Ɗakin yarinyar nan ne, ga jere ko ƙura bai yi ba. Tubarkalla, an yi ƙoƙari. Ku gaida maigidan mu koma, kada Malam ya dawo bai tarar da ni ba."

Muka yi dariya. Wallahi muka yi dariya, har da ni. Mun zaci tsokana ce. Gwaggo ce kaɗai ba ta yi ba.

Ta ƙi shiga. Ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a rumfa, ta zauna a bakin-bakinta da mayafi a ka, takalmanta kusa da hannu. Na kawo tuwo miyar kuka da man shanu, wanda na san tana so. Ta ce wa Rauda, "Ce wa yarinyar nan an gode, a ƙoshe muke."

Malam ɗin da take cewa Baba ne.

Alhamis, 14 ga Agusta, da hantsi

Ba ta ci ba. A tabarmar ta kwana, Gwaggo na gefenta.

Magungunanta kala huɗu ne, uku sai an ci abinci. Gwaggo ta ja ni bayan ɗaki ta ce, "Ke Adawiyya, kin manta wace ce uwarki? Shekara sha ɗaya kina ɗakin miji, sau nawa ta taka gidanki?" Na ce sau ɗaya. "Ta zauna a gadonki?" Na ce a'a. "Ta ci abincinki?" Na ce ko ruwa ba ta sha ba. Ta ce, "To yanzu a can take. Ciwon nan ya kwashe mata shekaru, ya bar mata kunyar."

Ni ce 'yar fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, ban taɓa ganin ta dube ni ido cikin ido ba. Ni ce yarinyar nan, ni ce waccan. Matan yanzu sun bar wannan, su ɗauki ɗan fari su yi ta juyi da shi a gaban kowa, amma Inna mutuniyar da ce. Ban taɓa jin haushi ba, haka na taso na gani, kuma na san wa ake ɓoye wa tsokar nama a ƙasan tuwo. Yau kam na ji haushi. Uwata za ta kashe kanta da yunwa don kunyar mutumin da

A'a. Na ce ba zan rubuta ba.

Abu ɗaya dai, ba ta tuna akori-kurar ba. A wajenta ina ɗakina lafiya.

Juma'a, 15 ga Agusta, bayan Azahar

Ba ta ci ba. Ruwa kurɓi biyu, da dabino uku da Zulkifilu ya ciro daga aljihu ya ce daga gida ya taho da su.

Asabar, 16 ga Agusta, da yamma

Mun haura da Zulkifilu. Ya same ni ina wanke burushi ya ce, "Yaya, don Allah wa ya sa ki?" Ashe ranar sallama likita ya zaunar da shi ya ce a mayar da ita inda ta saba, kada a gusar mata da ko kofi, da kayan da ta sani za ta riƙa kamo hanya. Na ce kai da ka ji haka, bakinka ciwo yake da ba ka faɗa mini a waya ba? Ya ce ranar Laraba aka gaya masa, kuma shi ina ya san na mai da gidan ubanmu ɗakin amarya? Na ce kai da kake zaune da ita shekara da shekaru tsatsa na cin gadonta, ko gwangwani ɗaya ka taɓa kawowa? Ya ce, "Tsatsar ta hana ta cin tuwo? Bai isa ba abin da kika..." Sai ya haɗiye sauran ya fita.

Yaron da na goya. Da ya ƙarasa ma da ya fi mini sauƙi.

Bayan La'asar ya dawo da Keke Napep, bai dube ni ba. Suka sa ta a ciki shi da Gwaggo, wai za a kai ta gida. Ta yi murna, har ta sa mini albarka ta bakin Rauda. Suka zagaya da ita ta rijiyar Kusugu, ta bakin kasuwa, suka dawo. Tana ganin ƙofar zaure ta ce, "Mantuwa kuka yi?" Ta ƙi sauka sai da Gwaggo ta ce mata mai ne ya ƙare.

Ba ta ci ba.

Litinin, 18 ga Agusta, bayan Magariba

Jiya Gwaggo ta tafi da ita gidanta a Sandamu. Can ta sha fura rabin kofi, muka ce an samu hanya. Yau da hantsi Gwaggo ta zagaya bayan gida, ta fito babu Inna. A bakin titi aka same ta zaune cikin taɓo, gwiwa ta goge, wai gida Daura za ta, ta bar Malam ba abinci. An dawo da ita. A nan aƙalla ba ta fita, ta ce ba za ta tafi ba ta yi sallama da maigidan ba.

Zoben hannunta ya fara zamewa. Rauda ta naɗa masa zare.

Tsoro nake ji. Ban taɓa jin irinsa ba, ko a can.

Talata, 19 ga Agusta, da hantsi

Zan mayar da komai yadda yake. Ni da Rauda muka ja kabad tsakar gida, na zuba masa tina, ruwan nan mai narkar da fenti, na sa wuƙa. Furannin suka narke suna gangarowa. A ƙarƙashi babu kore, sai farin katako. Ai ni na gurje shi da hannuna. Da aikin 'yan bakin kasuwa na yi, waɗanda nake yi wa dariya, da yanzu koren Inna na nan kwance yana jirana. Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai, da majina da komai.

Inna na rumfa tana kallo. Na ji tana ce wa Gwaggo, "Haulatu, ku hana su mana, suna ɓata wa yarinyar nan kaya. Ko wani abu ya faru ne?" Gwaggo ta ce babu komai, gyara ne. Ta ce, "To. Don na san ta da zurfin ciki."

Laraba, 20 ga Agusta, da yamma

Rauda ta sayo mini fenti, na haɗa kore kala biyar a murfin gwangwani, ba wanda ya yi kama. Shekara talatin da huɗu ina kallon kabad ɗin nan, yau na kasa tuna launinsa.

Kunu cokali biyu, ta tofar da na uku. Zulkifilu na maganar a koma asibiti a zura mata roba ta hanci.

Alhamis, 21 ga Agusta, bayan La'asar

Yau kam sai na rubuta.

Tina na hawa mini kai, don haka yau na sa takunkumi cikin waɗanda suka dawo da su daga asibiti, na zura tsohuwar rigar da nake aiki da ita, na ɗaure kaina da tsumma har goshi. Ina durƙushe ina shafa kore, sai na ji daga rumfa an ce, "Baiwar Allah, sannu da aiki."

Na waiga in ga da wa take. Ni take kallo, kai tsaye.

Na ce, "Yauwa, sannu Iya." Ban san daga ina Iyar ta fito ba.

"Ikon Allah, yanzu har mata na wannan aiki? Masu gidan fa? Na ji shiru."

Rauda na bakin murhu, ta tsaya da ludayi a hannu. Na ce, "Ai sun tashi, Iya. Gidan ba kowa, gyara shi muke yi."

"Yarinyar nan fa?"

"Tana Mashi, sun koma sabon gida."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau."

Sai na ga ta saki mayafin ya zamo kafaɗa, ta miƙe ƙafafu, abin da ba ta yi ba tun ranar da aka dawo da ita. Ta ce to ita me take yi a nan? Na ce mota take jira. Ta ce haka ne fa. Can ta ɗaga hanci ta ce, "Wannan ƙamshin yakuwa fa?" Na ce abincinmu ne na ma'aikata, faten tsaki, ko za ta taɓa? Ta ce, "To, tunda ba na mutanen gidan ba ne."

Rauda ta zubo. Inna ta ce in matso mu ci. In na cire takunkumi shi ke nan, don haka na ce azumi nake, yau Alhamis. Ta ce Allah Ya karɓa. Cokali goma sha ɗaya, ina ƙirgawa ta wutsiyar ido ina ta shafa fenti a wuri ɗaya. Ta sha magani. Ta yi gyatsa ta yi hamdala.

Da Zulkifilu ya dawo Rauda ta gaya masa. Ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ɗauki gwangwani ya riƙe mini. Na yi wa uwata ƙarya ta fi biyar a zama ɗaya, kuma ban yi nadama ba. Allah Ya yafe mini.

Juma'a, 22 ga Agusta, bayan Azahar

Sai mai fenti na kusa take ci. In na shiga ɗaki sai ta ture kwano ta fara lalubar mayafi. Yau na ce ramuwar azumi nake.

Ta zama mai duba aikina. "Wannan koren naki ya yi haske. Ina da irin kabad ɗin nan a gida, nawa ya fi duhu, kamar tsohon ganyen dalbejiya. Ƙara baƙi kaɗan." Na ƙara. "Yauwa, kin kusa." Sai zuba take, Inna da ba ta haɗa magana uku da ni a rana. Ta ce nata yana da ƙuna a gefen dama. Na ce garin yaya? Ta ce, "Yarinyar nan ce ta yi ƙyanda tana shekara biyu. Kwana tara fitila ba ta mutu a ɗakin ba, a nan nake ajiye ta don in riƙa ganin numfashinta. Kakarta na zaune, ba dama in ɗauke ta, sai kallo. Malam ya sha cewa a kira kafinta ya gyara wurin, na ce a bar mini abina."

Na ce mata tina ce ta shiga mini ido.

Asabar, 23 ga Agusta, da safe

Kwana uku ban gaida uwata da fuskata ba. Da takunkumi nake fitowa daga ɗaki, da shi nake komawa. Rauda ta yi suɓutar baki ta ce Yaya, na yi kamar ba da ni take ba. Gwaggo ta ce, "Har yaushe?" Na ce har ta yi ƙiba.

Na ƙona gefen kabad da kyandir. Bai yi kama ba.

Lahadi, 24 ga Agusta, bayan La'asar

Yau Rauda tuwon dawa ta yi da miyar ɗanyar kuɓewa. Ta ajiye, Inna ta wanke hannu, ta dube ni ta ce, "Yau ma azumin?" Na ce e. Ta ce, "Wane irin azumi ne wannan da ba ya ƙarewa? Ni ba na cin abinci ana zaune ana kallona. Ko dai ƙyamata kike?" Ta ture kwanon. Ta ce in ban sa hannu ba ita ma ta ƙoshi, kuma na san Inna in ta ce ta ƙoshi.

Gwaggo na bakin randa da moɗa a hannu, ta kasa sha ta kasa ajiyewa. Na wanke hannu. Na zauna a gabanta, gwiwata na taɓa tata. Na ce a raina, yanzu za ta kau da kai, ta jawo mayafi, mu koma inda muka fito. Kuma Allah Ya gani, rabin zuciyata hakan yake so. Na sa yatsa na sauke takunkumin.

Ba ta kau da kai ba. Ta dube ni sosai, goshi, ido, baki, a natse, ba gaggawa. Ashe idanun Inna ba baƙaƙe ba ne, ruwan ƙasa ne, sai yau na sani. Na jira. Na ƙara jira. Sai ta yi murmushi.

"Ashe ma yarinya ce ke. Ga kyau tubarkalla kike ta ɓoyewa. 'Yar wane gida ce?"

Na ce 'yar nan unguwar ce.

"Mahaifiyarki na da rai?"

"Tana nan, Iya."

"To ki riƙa leƙa ta. Bisimilla, sa hannu."

Muka ci kwano ɗaya ni da Inna, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka yaye ni. Tana turo mini gefen da man shanu ya taru, tana cewa in ci, aikin ƙarfi nake. Na ci. Dole ne in ci, don in na tsaya za ta tsaya. Ta suɗe hannu, ta sha magani duka huɗun. Gwaggo ta ce alhamdu lillahi. Zulkifilu ya ce alhamdu lillahi, ba sai an koma asibiti ba. Ni ma na ce.

Takunkumin na jefa shi a murhu, ba shi da sauran amfani.

Da na tashi zan kai kwano, ta riƙo bakin rigata ta ce gobe in zo da wuri, kada in bar ta ita kaɗai a gidan mutane. Na ce to, Iya.